Baƙar funfuna ta addabe ni a ɗakin kwana, na yi fenti sau biyu tana dawowa

Ummu_Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka min da shawara don wallahi abin nan ya ishe ni. Shekararmu ɗaya da 'yan watanni a gidan da muke ciki, haya ne, sanda muka shigo komai fes an yi sabon fenti sai ƙyalli yake, ashe rufa-rufa ce ba mu sani ba. Kamar wata huɗu da shigowa na fara jin wani wari-wari a ɗakin kwana irin na jiƙaƙƙen tsumman da aka manta a bokiti, na wanke labule na shanya katifa na goge ko'ina, warin yana nan daram. Sai ranar da ɗan kunnena ya faɗa bayan wadrob na sa aka janyo min shi, innalillahi, bangon gaba ɗaya ya yi baƙi ɗigo-ɗigo tun daga ƙasa har wajen ƙuguna, bayan katakon wadrob ɗin ma haka, jakata ta fata da takalman maigidan guda biyu duk sun yi gashi-gashi. Sannan akwai wani tabon daban a kusurwar silin ta ɓangaren banɗaki, shi kuma ya yi zobe ruwan ƙasa da baƙi a tsakiya.

Na wanke da garin sabulu, aka kawo mai fenti ya shafe, wata biyu ba a yi ba ta ɓullo ta cikin fentin. Aka sake shafawa, yanzu ga ta nan karo na uku har fentin yana ɓanɓarowa. Abin da ya fi tayar min da hankali ƙaramin yarona ɗan shekara 3 a ɗakin yake kwana kuma tunda abin nan ya yi yawa tari yake da daddare, da safe atishawa kamar me, in mun yi kwana biyu ba ma gidan sai ya ji sauƙi. Na shiga intanet na ga ana cewa baƙar funfuna guba ce tana kisa, daga ranar ban yi barcin kirki ba. Me zan sa mata ta mutu gaba ɗaya? Ko tashi kawai za mu yi? kuɗin hayar ma ba mu jima da sabuntawa ba.

Sharp_Sharp

Wa alaikumussalam aunty ki kwantar da hankalinki ƙaramin abu ne. Ki samu bilic ki zuba ruwan khal a ciki ya yi ƙarfi sosai ki fesa ki rufe ɗakin ya kwana, da safe ki kankare da buroshi. sai kin neme ta kin rasa

Nas_Mai_Dare

A'A DAN ALLAH KAR KI YI HAKA. Ƙanena ka gyara maganar nan tun kafin wani ya karanta ya je ya gwada. Bilic in ya haɗu da ruwan khal iskar kulorin yake fitarwa, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, a rufaffen ɗaki kuwa sai ta kai mutum asibiti. Haka in ya haɗu da amoniya, wadda take cikin wasu ruwan goge gilashi, ita ma wata mugunyar iskar ce ke tashi. Bilic ba a haɗa shi da komai sai ruwa zalla, kuma taga a buɗe. 'Yar uwa ina wajen aiki yanzu, in na samu sarari anjima zan dawo miki kan maganar yaron.

Tsohon_Magini

Wa alaikumussalam 'yata. Na shekara sama da talatin ina harkar gini kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma irin kiran da ake min kenan ko yanzu, Baba zo ka ga bango ya yi baƙi. Tambayarki ita ce me za ki sa mata ta mutu, ni kuma zan ce miki ba nan gizo ke saƙar ba. Irin funfuna ƙura ce da ido ba ya gani, tana cikin iska a kowane gida, nawa da naki da na mai kuɗin duniya, ba wanda zai iya kore ta. Abinci kuma ba ta rasawa, ƙurar bango ma ta ishe ta balle katako da kwali da fata. Abu ɗaya ne kawai take jira, ruwa. Don haka duk inda kika ga ta yi baƙi to ruwa na zuwa wurin, kuma ko me kika zuba mata in ba ki tare ruwan ba za ta dawo, kin ma gani da idonki sau biyu.

To daga ina ruwan yake. Daga bayaninki ni ina zargin matsala biyu gare ki ba ɗaya ba.

Ta silin ɗin ita ce mai sauƙin ganewa. Tabo mai zobe ruwan ƙasa yoyo ne, ba wani abu ba, ruwa ya jiƙa ya bushe ya sake jiƙawa shi ne yake barin wannan zanen kamar taswira. Tunda kin ce ɓangaren banɗaki ne, ko dai bututun ruwa ne yake ɗiga a sama, ko rufin ne, ko indararo ya toshe ruwa yana komawa baya. Ki lura, in tabon yana ƙara jiƙa ne bayan an yi ruwan sama to rufi ne, in kuwa kullum a jiƙe yake ko ana ruwa ko ba a yi to bututu ne. A sa wani ya leƙa cikin silin ɗin da tocila.

Ta bayan wadrob ita ce ke ruɗa mutane har da wasu maginan. Abu biyu ne ke kawo ta. Na farko danshin da ke tasowa daga ƙasa, bulo da siminti suna shan ruwa kamar yadda lagwani ke shan kananzir, shi ya sa ake shimfiɗa leda mai kauri a fandisho kafin a ɗora bango, in ba a sa ba ko an sa ta yage ko kuma an zo daga baya an tara ƙasa a jikin bangon ta waje har ta haura ledar, sai ruwa ya dinga hawa. Alamarsa yawanci baya wuce kamar mita 1 daga ƙasa, zaki ga layi a miƙe inda ya tsaya, filasta tana rugurgujewa, ga wani farin gari kamar gishiri yana fitowa. Wannan farin garin ma mutane na ɗauka funfuna ce, ba ita ba ce, gishirin cikin bulo ne, ki ɗiga masa ruwa zai narke.

Na biyu kuma, wanda na fi zargi a wajenki, shi ne gumin bango. Kin san yadda kofin ruwan sanyi yake yin raɓa ta waje alhali ba tsagewa ya yi ba? To haka bango yake yi. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa fiye da mai sanyi, a zafin digiri 30 iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa, a digiri 20 kusan 17 kawai, a digiri 10 wajen 9. Don haka in iskar ɗaki mai cike da tururi ta taɓa bango mai sanyi sai ta sauke abin da ta kasa riƙewa a jikinsa. Ina ne ya fi sanyi kuma iska ba ta wucewa? bayan wadrob, ƙarƙashin gado, kusurwa, bayan labule mai kauri. Musamman in bangon nan na waje ne kuma rana ba ta dukansa. Tururin kuwa ku ne kuke kawo shi ba ku sani ba, numfashin mutum uku ko huɗu a rufaffen ɗaki dare guda, wanka da ruwan zafi a bar ƙofar banɗaki a buɗe zuwa ɗaki, girki ba a buɗe taga ba, shanya a cikin ɗaki. Risho ma, lita 1 ta kananzir in ta ƙone kusan lita 1 ta ruwa take sakewa a iska, gas ma yana sakin nasa.

Ga gwajin da zai raba miki gardama, ba sai kin kira kowa ba. Ki goge wuri a bangon ya bushe, ki yanko leda mai kauri kamar faɗin littafi ki manna da salatif ki rufe duk gefe huɗun kar iska ta shiga, ki bar ta kwana 2. In kin dawo kika ga raɓa a fuskar ledar da ke kallon ɗaki to gumi ne, daga iskar ɗakin yake. In kuwa cikin ne ya jiƙe, tsakanin leda da bango, to ruwan ta cikin bangon yake fitowa, wannan aikin magini ne kuma nauyin mai gida ne ba naki ba. Wani sa'in a samu duka biyun. Ki manna guda biyu ko uku, ɗaya can ƙasa ɗaya sama kaɗan.

Maganar fenti kuwa, Allah ya shirya masu fenti, wasunsu sun sani sarai amma aiki suke so. Fenti a kan funfuna kamar ɗaura bandeji ne a kan gyambon da ba a wanke ba. Ko fentin da ake cewa na maganin funfuna ne sai an wanke bangon ya bushe ƙayau tukuna yake amfani, kuma shi ma baya tare yoyo. Kar ki sake kashe ko sisi a fenti sai kin dawo min da sakamakon ledar.

Sharp_Sharp

subhanallah ban sani ba wlh, ni na taɓa haɗawa na ji idona yana yaji na ɗauka alamar yana aiki ne 😅 aunty Nas na gode, aunty Ummu ki yafe ni kar ki bi tawa

Nas_Mai_Dare

Ba komai ƙanena, Allah ne ya tsare ka.

'Yar uwa na dawo. Baba ya gama magana kan bango, ni bari in taɓa ta yaron da kuma tsoron da intanet ta saka miki. Wadda ake ta yayatawa da sunan baƙar funfuna mai guba sunanta Stachybotrys chartarum, tana son wurin da ya daɗe sharkaf da ruwa kamar takardar jikin allon silin ko kwali ko katako, kuma gaskiya ne tana iya fitar da sinadarai masu guba. Amma ba duk baƙar da kika gani ba ce ita, akwai Cladosporium akwai Alternaria akwai Aspergillus niger duk baƙaƙe ne ko duhu-duhu, da ido ba mai bambance miki su. Kuma launi ba shi ne ma'aunin haɗari ba, koriya da fara ma suna tayar da tari. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ba ta ma ba da shawarar a tsaya gwada wace iri ce, ko wacce ce maganin ɗaya ne, a cire ta a gyara danshin. Don haka in wani ya zo miki da maganar biya a ɗauki samfur a kai ɗakin gwaji, ki riƙe kuɗinki ki sa a gyaran bututu.

Abin da aka tabbatar shi ne zama a gida mai danshi da funfuna yana da alaƙa da toshewar hanci, atishawa, tari, numfashi yana fito, ƙaiƙayin ido da fata, da tashin asma ga mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji musamman a kan danshi da funfuna a cikin gida a 2009. Waɗanda suka fi shiga haɗari jarirai da ƙananan yara, tsofaffi, masu asma, da masu raunin garkuwar jiki irin wanda ke shan maganin ciwon daji ko aka yi wa dashen ƙoda, sai wanda ya taɓa yin tarin fuka ya bar masa tabo a huhu don Aspergillus tana iya samun wurin zama a ciki.

Ba zan ce miki ki firgita ba amma ba zan ce wasa ne ba. A Ingila, a garin Rochdale, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak ya rasu a watan Disamba 2020, binciken da aka kammala a Nuwamba 2022 ya nuna daɗewa yana shaƙar funfunar gidan da suke haya ne ya jawo, iyayen sun yi ta kai ƙorafi ba a gyara ba. Dalilinsa aka yi dokar da ake kira dokar Awaab wadda ta tilasta wa masu gidajen haya na jama'a su duba irin wannan ƙorafin cikin ƙayyadadden lokaci. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, na kawo shi ne don ki samu ƙarfin gwiwar matsa wa mai gidanku, kar ki ji nauyi.

Abin da kika faɗa cewa yana samun sauƙi in kun bar gidan babbar alama ce, ki faɗa wa likita haka da bakinki. Daga daren yau ki canza masa wurin kwana ko falo ne. Ki kai shi a saurari ƙirjinsa, tarin dare a yaro yana iya zama farkon asma kuma yana iya zama wani abin daban, kar ki tsaya sayen maganin tari. In kuwa kika ga numfashinsa yana sauri, ko tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, wannan ba jiran safiya.

Ranar da za a wanke bangon kuma yara su bar gidan, ke ma in kina da asma ko juna biyu wani ya yi. Takunkumin N95, safar hannu ta roba, da gilashin kare ido. Kar a kankare ta a bushe, watsa irin kawai za a yi ya cika ɗakin, a jiƙa tukuna. Sannan ko ta mutu gawarta ma tana sa atishawa, dole a goge a fitar ba a fesa magani a bari ba.

Maman_Shanya

Ummu sannu, na san wannan baƙin cikin, sai da na zubar da katifa sabuwa fil. Ni tawa matsalar ni na jawo wa kaina shi ya sa ma na sa wa kaina wannan sunan, lokacin damina igiya nake ɗaurawa a ɗaki in shanya kayan yara in rufe taga don sauro, ban taɓa tunanin ina ruwan kayan yake tafiya ba sai da wata ta ce min ki ɗaga kwandon wanki a jiƙe ki sake ɗagawa in ya bushe, wannan nauyin da ya ragu duk bangonki ne ya shanye. Na yi shiru.

Yadda na yi nawa wankin, ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na fara da shi da soso, na goge da tsumma na jefa tsumman a leda na ƙulle na zubar, ban mayar da shi bokiti ba. A tayil da gilashi da wurin da baya shan ruwa na bi da bilic, kofi 1 a galan 1 na ruwa wato kusan lita 4, kar ki wuce haka ƙarfinsa ba shi ne aikin ba, na bar shi kamar minti 10 na ɗauraye. Amma ki sani bilic mayaudari ne a kan katako da filasta, yana cire launin ki ga wuri fari tas ki yi murna alhali saiwar tana ciki. Katakon bayan wadrob irin na garin katako ɗin nan in ya kumbura kawai a cire a sa wani, ba ya wankuwa. Haka kwali, kafet, allon silin da ya jiƙe, katifar da ta shiga cikin sosonta, duk hakuri za ki yi. Silikon ɗin gefen baho in ya yi baƙi shi ma yanke shi ake yi da reza a sa sabo, na ɓata sati ina gurza a banza. Kaya da zanin gado wanki da ruwa mai zafi in yadin zai jure sai rana sosai. Jakar fata ki goge a waje ba a ɗaki ba.

Wani abu kuma da na karanta a bayanin hukumar kare muhalli ta Amurka, in wurin bai kai ƙafa 3 tsawo ƙafa 3 faɗi ba, kusan murabba'in mita 1, mutum zai iya da kansa, in ya wuce haka gara a nemo waɗanda suka san aikin. Naki daga ƙasa zuwa ƙugu a faɗin wadrob ina ga ya wuce fa. Su ne kuma suka ce duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48 kafin ta samu kama shi.

Tun daga nan na sayi ɗan ƙaramin agogon nan mai nuna danshin iska na ajiye a kan durowa, ana so ya zauna ƙasa da kashi 60, in da hali tsakanin 30 da 50. Ranar farko da na kunna 80 da wani abu ya nuna min na ce to ga ɓarawon. Yanzu wadrob da gado na janye su daga bango kamar faɗin tafin hannu, ba na cusa kaya har wadrob ya kasa numfashi, bayan wanka ƙofar banɗaki a rufe tagarsa a buɗe, shanya kuwa in dole ce sai a ɗaki ɗaya da fanka da taga a buɗe. Abu ɗaya da zan ƙara, buɗe taga ba kullum yake taimako ba, in ana tsuga ruwa iskar waje ta fi ta ciki laima, da rana in gari ya washe nake buɗewa gaba da baya iska ta ratsa. Mai hali ya sayi na'urar tsotse danshi, esi ma yana rage shi amma a dinga wanke matatarsa kuma a duba bututun da yake zubar da ruwa, na wata ƙawata cikin bango yake ɗiga shekara guda ba ta sani ba. Turare kuwa kar ki wahalar da kanki, warin kawai yake rufewa.

Ummu_Biyu

Jama'a na dawo, Allah ya saka muku da alheri ya biya ku. Aunty Nas tun daren nan na mayar da yaran falo, mun je asibiti likita ya saurari ƙirjinsa ya ce akwai ɗan fito, ya ba mu abin shaƙa ya ce mu dawo bayan sati biyu, kuma da na gaya masa maganar ɗakin cewa ya yi kar ya sake kwana a ciki sai an gyara. Alhamdulillah kwana uku kenan tarin ya ragu sosai.

Baba na yi gwajin ledar guda uku kamar yadda ka ce. Ta sama da ta tsakiya raɓar a waje take ta ɓangaren ɗaki, cikinsu a bushe. Amma ta can ƙasa kusa da daɓe cikinta ne ya jiƙe har bangon ya yi duhu a wurin, kuma da na duba da kyau akwai farin garin nan da ka faɗa, na ɗiga ruwa ya narke. Na zagaya ta waje sai na ga ashe an yi wani dakali na shuka fulawa a jikin bangon daidai wurin, cike da ƙasa, kuma ni ce ma nake ba su ruwa kullum da yamma 🙈 Silin kuma maigidan ya hau da tocila, gwiwar bututun da ke kai ruwa banɗaki ce take ɗiga kaɗan-kaɗan, allon wurin ya yi laushi har yatsa yana shiga.

Kuma in faɗi gaskiya Maman Shanya kamar da ni kike, ni ma ina shanya a ɗakin, kuma banɗakin a cikin ɗakin yake ba ma rufe ƙofarsa.

Yanzu matsalar mai gidan ne, na kira shi ya ce ai waɗanda suka tashi ba su taɓa ƙorafi ba mu ne ba ma buɗe taga, zai turo mai fenti. Na ce masa a'a ba fenti ba. Baba me zan ce masa ya gyara takamaimai don kar ya raina min hankali, kuma in an gyara kwana nawa zan jira kafin a yi fentin?

Tsohon_Magini

Madalla 'yata, kin yi aikin da wani maginin ma sai ya karɓi kuɗi bai yi ba. Kafin komai ki ɗauki hoton tabon silin, da bututun, da dakalin, da ledar nan da ta jiƙe ta ciki, ki tura masa a rubuce ba a baki ba don ranar ta zauna. Ki amsa naku laifin na shanya da ƙofar banɗaki, hakan zai sa ya kasa cewa ƙarya kike a sauran.

Abin da zai yi, mai gyaran famfo ya canza gwiwar bututun, a yanke allon silin da ya yi laushi har a wuce inda tabon ya tsaya a sa sabo, a duba katakon da ke riƙe da shi in ya yi baƙi a wanke a bar shi ya bushe kafin a rufe. Dakalin fulawa a kwashe ƙasar gaba ɗaya, ƙasan waje ya koma ƙasa da daɓen ɗaki da aƙalla santimita 15 kuma ya gangara waje ba wajen bango ba. Daga yau ki daina ba su ruwa a wurin. Mai yiwuwa da an kwashe shi kenan ba sai an taɓa fandisho ba, amma filastar ƙasan da gishiri ya cinye a sassaƙe ta a sake, don gishirin da kansa yana jan laima daga iska.

Kwana nawa kuwa ba na ba ki lamba, bango mai kauri da ya daɗe yana shan ruwa yana iya ɗaukar makonni har watanni, ya danganta da yanayi. Ki bar wurin a buɗe fanka tana kaɗa shi, wadrob ya zauna a wani bangon na cikin gida. Duk bayan sati biyu ki sake manna leda a ƙasan, ranar da kika ɓanɓare ta kika ga cikinta a bushe sau biyu a jere, ki kira mai fentin.